Bugun Zuciyar Ƙanƙara

Kowace safiya, kafin yarinyar ta tafi makaranta, Dakta yakan kira ta baranda, ya ɗora yatsu biyu a tsintsiyar hannunta, ya kafa wa agogonsa ido. Lafiyarta ƙalau. So yake ya ji ko zuciyarta ta fara sanin tsoro.

Ƙofata tana kallon tasu, baranda ɗaya ce ta haɗa mu a saman bene. Tun da matata ta rasu ba ni da aikin safe sai shan shayi da ganin abin da ba a gayyace ni gani ba.

Dakta ba likita ba ne. Malamin jami'a ne, yana koyar da ilimin halayyar ɗan Adam, kuma inda ya fi ƙwarewa shi ne abin da ke sa mutum ya aikata laifi. Yarinyar 'yar wansa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Wan nasa mai walda ne. Faɗa ya haɗa shi da wani a bakin shago, ya ɗauki guntun ƙarfe ya sauke masa a ka, mutumin bai sake tashi ba. Aka yi masa ɗaurin rai da rai. Uwar yarinyar ta daɗe da rasuwa. Dangi suka duba suka ga ba wanda ya fi Dakta gida da ilimi, suka kawo ta da kayanta a jaka guda, ba ta fi shekara tara ba.

Matar Dakta, wadda yarinyar ke kira Anti, ita ta raɗa mata suna tun ranar farko.

"Ƙanƙara ke nan, Baba," ta ce da ni tana shanya a baranda. "Ubanta a ɗaure, amma ko ɗigon hawaye. Ni da ba ubana ba sai da na yi ƙwalla."

Ni dai na ji kukan. A ƙarƙashin matakala take yinsa, inda ake kife bokitai, ta cusa gefen rigarta a baki. Amma ba wanda ya tambaye ni, sunan kuwa ya bi ta.

Wata safiya da Dakta ya saki hannunta, na miƙa masa nawa.

"Tunda an buɗe asibiti a barandarmu, a duba ni. Gwiwa ce ta matsa mini."

Ya yi dariya ya jawo kujera. Mutum ne mai fara'a, wannan ba zan hana shi ba. Ya san na ƙare aikina a ɗakin karatu, don haka yakan yi mini bayani da jin daɗin wanda ya samu ɗalibin da ba zai roƙi maki ba.

"Ba wasa ba ne, Baba. An yi bincike. Yaran da zuciyarsu ke bugawa a hankali ba sa jin tsoro kamar sauran, wanda ba ya jin tsoro kuwa horo ba ya shigarsa. Ka ga nan?" Ya ƙwanƙwasa goshinsa. "A bayan ƙashin nan birkin mutum yake. Wasu da birki mai rauni ake haifarsu. Sannan akwai wata ƙwayar halitta da ake dangantawa da saurin kai hannu. Namiji daga uwarsa yake gadonta, shi kuma ya miƙa wa 'yarsa mace, ba kuskure. Duk abin da ke jikin Yaya yana jikinta."

"To me ka ji a hannun nata?"

"A hankali yake bugawa. Kamar na mai barci."

"Ko don yanzu ta tashi daga barcin ne?"

"Baba ke nan." Ya girgiza kai. "Na ba ta zuwa ƙarshen zangon karatu. In alamu suka tabbata, akwai gidan gyaran tarbiyya a bayan gari, shugabar tsohuwar ɗalibata ce. Ina da jariri a gidan nan, ba zan yi caca da ransa ba."

Bai rage murya ba. Yarinyar tana durƙushe a kan matakala tana ɗaure igiyar takalmi. Ta kwance ta sake ɗaurewa, sannan ta sauka ba tare da ta waiwayo ba.

Daga nan aka fara neman alamu, mai neman alama kuwa ba ya dawowa hannu rabbana.

Dakta zai ajiye alawa a kan tebur, ya fita, ya laɓe yana leƙe ta taga. Ba ta taɓa ɗauka ba. Sai ya ce da Anti, "Kin gani? Ta gane tarko ne. Yaro mai tsarkin zuciya ɗauka zai yi kawai. Wannan lissafi take yi." In ta gaishe da baƙo da fara'a, ya ce irinsu sun iya sace zuciyar mutane. In ta yi shiru, ya ce ba ta da shaƙuwa da kowa. Ran da ta yi kuka a fili saboda Anti ta zubar da hoton ubanta cikin shara, ya tsaya yana kallonta kamar mai kallon wasan kwaikwayo, ya ce, "Ta fara koyo."

Aka kulle wuƙaƙe a durowa, Anti ta rataya makullin a wuya. Aka hana ta taɓa ashana, almakashi, dutsen guga, da duk abin da ke yanka ko yake ƙona. Cokalinta na roba ne, kwanonta na roba. Ko abin fiƙe fensir ba a bar mata ba. Sai da yamma ta ƙwanƙwasa ƙofata a hankali, ta miƙo fensiranta biyu in fiƙe mata. Da gangan nake jan aikin.

"Kaka, ai ya yi tsini."

"Ke kika san aikin ko ni? Zauna. Wa ya zo na ɗaya a lissafi?"

"Ni."

"To, matata ce ke daga yau. Ba na auren daƙiƙiya."

"Ni ba na son tsoho mai ciwon gwiwa," ta ce, ta rufe baki tana dariya, ta kalli ƙofarsu da sauri kamar wadda ta yi sata.

Dakta ya je makarantar da kansa ya yi wa malamar ajinsu bayani, wai don a kula. Aka kuwa kula. Tun daga ranar, in biro ya ɓace a aji, jakarta ake fara zazzagewa. Wadda suke zama benci ɗaya uwarta ta zo ta sa aka canza mata wuri. Yara suka daina kiranta da sunanta, suka koma kwaikwayon ƙarar walda in ta wuce. Ta daina fita wasa in an tashi hutun tara. Malamar ta aiko da saƙo cewa yarinyar ba ta shiga cikin 'yan'uwanta, Dakta ya karanta ya gyaɗa kai.

Mutum ɗaya ne a gidan bai karanta binciken ba, wato jaririn. Farfesa suke kiransa, tun kafin ya fitar da haƙori. Ya fara rarrafe, kuma ba wanda yake yi wa dariya irin wadda yake yi mata. In ta dawo daga makaranta ya ji muryarta, sai ya baro uwarsa ya nufi ƙofa yana dukan siminti da tafin hannu. Ita ma sai fuskarta ta buɗe, ta zama 'yar shekara tara.

Wata rana da la'asar Anti ta bar ƙofa a buɗe ta shiga wanka. Farfesa ya fito baranda, ya miƙe sai bakin matakala. Ina zaune, amma kafin in dafa kujera in tashi, yarinyar ta yi tsalle ta fizgo shi ta hannu, rabin jikinsa ya riga ya leƙa ƙasa. Ya tsanyara kuka. Shatin yatsunta ya fito a damtsensa.

Da Dakta ya dawo, shatin ya gani. Na faɗa masa abin da ya faru da bakina.

"Na ji, Baba," ya ce. "Amma dubi ƙarfin riƙon. Yarinya ƙarama ce ta yi wannan. Ba ta san iyakar hannunta ba. Haka Yaya yake."

Ya ja ta ciki ya rufe ƙofa. Da wayar caja ya dake ta. Na buga ƙofar har hannuna ya yi zafi, Anti ta amsa daga ciki cewa harkar gida ce. Yarinyar ba ta yi ihu ba, sai wani ƙaramin sauti da ke fita duk sanda wayar ta sauka. Da ya gama ya fito da ita baranda, inda haske ya fi, ya kama tsintsiyar hannunta ya duba agogo. Jijiyar wuyansa ta miƙe, idonsa ya yi ja. Ban san abin da ya ji a hannunta ba, ban kuma yi zaton ya iya bambanta bugunta da nasa ba.

A nan ya kafa mata doka.

"Daga yau, duk ɗakin da Farfesa yake, hannuwanki a baya. Ko faɗuwa kika ga zai yi, kira za ki yi. Kika sake taɓa shi, ko kika taɓa abin da na hana ki, ba sai an jira ƙarshen zango ba. Kin ji?"

"Na ji, Baffa."

Haka ta koma yawo a gidan kamar fursuna. Farfesa zai rarrafo ya kama ƙafarta ya ɗaga hannu a ɗauke shi, ita kuma ta tsaya ƙiƙam, hannu a baya, tana yi masa waƙa ƙasa-ƙasa har ya gaji ya fashe da kuka. Anti ta zo ta ɗauke shi ta ce, "Dubi ta don Allah. Yaro na kuka a ƙafarta, ko gezau."

Ba a daɗe ba na fara jin wani motsi da sassafe. Na leƙa, sai na ga yarinyar ba takalmi, tana hawa matakala da gudu tana sauka, a kan yatsun ƙafa don kada a ji. Ta hau ta sauka, ta hau ta sauka, sannan ta goge fuskarta da riga, ta tsaya bakin ƙofa tana danne haki, tana jiran kira. Ta saurari bayanin Baffanta da kyau, ta fi ɗalibansa ganewa. Tunda zuciya mai sauri yake nema, za ta kawo masa.

Kwanaki Dakta yana murna.

"Baba, akwai ci gaba," ya ce da ni. "Bugun ya ƙaru sosai. Horon ya fara shiga."

Har cokalin ƙarfe aka ba ta. Na gan ta tana wanke shi a famfo, tana juya shi a rana. Ban tona asirinta ba. Sai wata safiya Dakta ya fito da wuri neman makullin mota, suka yi kiciɓis a tsakiyar matakala, tana haki, gumi na bin wuyanta.

Bai dake ta ba. Ya dai tsaya yana kallonta, da wani irin murmushi na wanda lissafinsa ya fita daidai.

"Ƙarya da baki kowane yaro yana yi," ya ce da Anti. "Wannan da jikinta ta yi mini ƙarya. Shekara tara. Ki yi tunanin ta kai ashirin."

Aka karɓe cokalin.

Da yamma na tare shi a baranda. Na zuba masa shayi, na bari ya kurɓa.

"Dakta, na je na duba binciken nan naka. Tsufa bai ci idona duka ba. Ƙwayar halittar da kake faɗa, masu binciken cewa suka yi ita kaɗai ba ta cika yin komai ba. A yaran da aka wulaƙanta, aka daka, aka tsangwama suna ƙanana, a nan aka ga ta yi tasiri. Kuma maza aka fi aunawa. Rabin maganar kake karanta mana."

"Na san wannan, Baba. Ni nake koyar da shi."

"To ita ta zo da rabi, in ma ta zo da shi. Ɗaya rabin wa yake kawo mata kullum?"

"Ni tarbiyya nake yi, ba wulaƙanci ba. Ci take, sha take, makarantar kuɗi take zuwa. Wa ya ɗauke ta da kowa ya noƙe?"

"Kai ne. Saura tambaya ɗaya. Ka ce namiji daga uwarsa yake gadon abin. Kai da mai walda ba ciki ɗaya kuka fito ba?"

Ya ajiye kofin a hankali, amma sai da shayin ya zuba.

"Ni na yi karatu," ya ce. "Na fi ƙarfin wannan."

"Ita ma ta zo na ɗaya a lissafi."

Ya tashi ya shiga gida. Daga ranar ya daina zama da ni, aka kuma hana yarinyar kawo fensir. A lokacin na gane ba ita yake aunawa kowace safiya ba. Tun ranar da wansa ya ɗaga ƙarfen nan Dakta yake jin tsoron hannunsa, yana neman inda zai ajiye tsoron, ya samu wuri mai shekara tara wanda ba ya mayar da magana.

Ana saura kaɗan a yi hutu abin ya faru. Anti ta shimfiɗa bargo a tsakar falo tana guge kayan Dakta a ƙasa, ƙofa a buɗe saboda zafi. Wayarta ta yi ƙara a uwar ɗaka. Ta jingine dutsen gugar a tsaye, da wutarsa, ta shiga ta turo ƙofa. Ina jin dariyarta daga inda nake.

Sai na ji muryar yarinyar, wadda ban taɓa jin ta ɗaga ba.

"Anti. Anti, ki zo. Anti, Farfesa. Anti!"

Na tashi da iyakar saurin da gwiwata ta yarda. Da na kai bakin ƙofa, ga abin da na gani. Farfesa yana rarrafe wajen dutsen, fitilarsa ja tana jansa. Yarinyar ta shiga tsakaninsu ta tsaya, hannuwanta a baya. Ya karkata dama, ta tare da ƙafa. Ya karkata hagu, ta tare. Shi a ganinsa wasa ne, wasan da ta daɗe ba ta yi da shi ba, sai ƙyalƙyala dariya yake. Ba ta da izinin taɓa yaron, ba ta da izinin taɓa dutsen. Tana kiran Anti tana taka rawar nan ta tashin hankali, sai ya kwanta ya sulale ta tsakanin ƙafafunta, ya ɗora tafinsa a kan ƙarfen.

Ni na ɗauke shi. Anti ta fito da waya a kunne.

Bayan an tafi da shi asibiti, na tarar da yarinyar a inda take, ba ta motsa ba. Na zagaya bayanta don in saki hannuwan. Ta riƙe tsintsiyar hagu da dama, farcenta ya nutse a fata har jini ya tsattsafo. Da ƙyar na ɓamɓare yatsun.

"Ban taɓa shi ba, Kaka," ta ce. "Ka gani ai. Ban taɓa komai ba."

Ƙunar ba ta yi zurfi ba, likita ya ce tabo ne kawai zai rage. Anti ta gaya wa duk wanda ya zo dubiya cewa ko minti ɗaya ba ta yi a ɗaki ba, kuma ta bar babbar yarinya a wurin. "Tsayawa ta yi tana kallo, wallahi. Yaro na dafa wuta, ita hannu a baya kamar mai duba gini."

Na samu Dakta na faɗa masa duk abin da idona ya gani, har da tarewar da kiran.

"Baba, ka bar ni," ya ce. Ya rame a kwana ɗaya. "Mutum mai zuciya a ƙirji, ya ga jariri zai dafa wuta, wace doka ce za ta riƙe masa hannu? Ko kare ya fizge shi."

"Ran da ta fizge shi me ta samu?"

"Wancan daban."

"To ba ni ita. Ga ɗakin matata a rufe, ga gado. Ba sai ka sake ganinta ba in ba ka so."

"Kai kaɗai, ba mace a gida? Me mutane za su ce? Kuma ka tsufa. Ta yi maka wani abu, ni za a tuhuma, tunda ni na san abin da take."

Da matata na da rai, da ba ta tsaya roƙo ba. Da ta tsallaka barandar nan ta kamo hannun yarinyar, duk mai ƙarfin hali ya zo ya karɓa. Ni sai na nemi lambar babbar yayarsu, goggon yarinyar, na kira ta. Ta saurare ni har ƙarshe cikin ladabi.

"Allah ya saka da alheri, Baba," ta ce. "Amma shi ya yi karatun abin nan, mu me muka sani? Kuma ka san jini ba ya ƙarya. Nawa yaran ma ƙanana ne."

Ba a jira hutu ba. Da safe Dakta ya sauko da jakar da ta zo da ita, ya jefa a bayan mota, ya sake hawowa. Yarinyar ta fito baranda da kayan gida, ba na makaranta ba, ta je daidai inda take tsayawa kullum, ta miƙa masa hannunta. Ya wuce ta kamar bai gani ba. An gama awo.

Ta juyo wajena.

"Kaka, taɓa ka ji."

Na ɗora yatsuna. Ban san awon bugun zuciya ba, amma wannan ba ya bukatar sani. Kamar an kulle tsuntsu a cikin hannun, yana dukan fata yana neman hanya.

"Ka ji? Ka faɗa masa ban yi gudu ba. Wallahi yau ban yi gudu ba, da kansa yake yi."

Na ɗaga murya na kira shi. "Dakta, zo ka ji abin da kake nema."

"Mun makara, Baba," ya amsa daga ƙasa, ya tayar da mota.

Farfesa yana hannun uwarsa a bakin ƙofa, tafinsa a naɗe da bandeji, yana miƙo mata ɗaya hannun. Ta mayar da nata baya, ta yi masa murmushi, ta sauka.

Sai da na yi ta zarya kafin a bar ni in gan ta, don ni ba dangi ba ne. Gidan gyaran tarbiyyar doguwar katanga ce da waya a samanta, da tsakar gida ba bishiya. Kafin a kawo ta, matar da ke kula da ɗakinsu ta ja ni gefe. Ta ce tun da aka kawo ta aka gaya wa kowa ko 'yar waye, don a yi hattara. Manyan yara suka sa ta a gaba, suna ƙwace abincinta, suna cewa ta nuna musu yadda ubanta ya yi. Ta yi watanni tana shanyewa. Ranar nan wata daga cikinsu ta danna mata kai cikin bokiti, yarinyar ta ɗago, ta ɗauki bokitin ta fasa wa waccan goshi.

"Mun kira baffanta mun sanar da shi," in ji matar.

Na san sun kira. A daren da suka kira na ji shi a baranda yana waya, muryarsa a sake, irin wadda na daɗe ban ji ba. "Ban faɗa ba? Ai tun farko na faɗa." Da safe har gaishe ni ya yi, ya tambayi gwiwata. Na ji an ce yanzu yakan ba ɗalibansa labarin wata yarinya, ba ya faɗin suna, yadda ya gano alamun tun tana ƙarama. Suna rubutawa. Ba ya ba su labarin wayar caja, ko cokalin roba, ko wanda ya je makaranta ya yi bayani. A jarrabawa ba za a tambaye su wannan ba. An ɗauki yarinyar da ta fizgo jariri daga bakin matakala, aka yi ta sassaƙa ta da haƙuri da ilimi har ta yi daidai da shafin littafi, sannan aka ɗaga littafin aka ce ga shaida.

Aka kawo ta. An aske mata kai, ta yi tsawo, idonta ya daina neman ƙofa in ta yi magana. Na ajiye mata fensira biyu da na fiƙe a gida. Ta kalle su ba ta ɗauka ba.

"Ba a barin mu da abu mai tsini," ta ce.

"Matata ta daina gaishe ni ke nan?"

Ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni ko hannun Farfesa ya warke. Na ce ya warke, har ya fara tafiya. Ta gyaɗa kai. Na miƙa hannu don in kama tsintsiyarta, ba don awo ba, don dai in riƙe. Ta janye a hankali ta ɗora a cinya.

"Bar shi, Kaka," ta ce. "Yanzu bugun ba ya sauri. Ka ce wa Baffa zuciyar ta kwanta."